Learie Constantine: Jikan bayi da wasan kwana uku ya buɗe wa ƙofar Ingila

Duk inda masoya wasan kurket suka haɗu, daga Karachi zuwa Kingston, akwai gardamar da ba ta ƙarewa: wane ne gwanin gwanaye a cikin ƴan wasan da suka haɗa bugu da jifa? Wasu su ce Garfield Sobers na tsibirin Barbados, wanda ya tara maki 8,032 ya kuma fitar da ƴan wasa 235 a manyan wasanni 93. Mutanen Pakistan ba sa sauraron kowa in ba Imran Khan aka ambata ba. Turawan Ingila su kawo Ian Botham, ƴan Afirka ta Kudu su baje alƙaluman Jacques Kallis, maki 13,289 da mutum 292.

In da alƙaluma ake shiga wannan zaure, Learie Constantine ko bakin ƙofa ba zai kai ba. Manyan wasanni 18 kacal ya buga, ya samu maki 635, ya fitar da mutum 58. Duk da haka waɗanda suka gan shi da idonsu sun mutu suna labarinsa, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya zauna a majalisar dattawan Birtaniya. Hanyar da ta kai shi can ta faro ne daga wani wasa guda a birnin Landan, cikin watan Yunin 1928.

Da yake kurket ba wasan Nijar ba ne, sai an ɗan yi shimfiɗa. Ƴan ci-ranin da ke ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha sun saba ganin ma'aikata ƴan Indiya da Pakistan suna buga shi a fili ranar Juma'a. Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum 11. Ana kafa sanduna uku, mai bugu ya tsaya gabansu riƙe da katako mai faɗi, mai jifa ya sheƙo da gudu ya jefo masa ƙwallo mai tauri kamar dutse. In ƙwallon ta daki sandunan, ko mai bugu ya ɗaga ta sama aka cafe kafin ta faɗi, an fitar da shi. In ya buga ta yi nisa, shi da abokinsa su ruga suna musanya wuri, kowane zuwa maki ɗaya. Ta gangara ta ƙetare iyakar fili maki huɗu ne, ta ƙetare ta sama maki shida. Idan aka fitar da mutum goma, sai a juya, masu jifa su koma bugu, kuma a babban wasa kowace ƙungiya tana da juyi biyu. Mai bugun da ya kai maki 100 ya yi bajinta, haka ma mai jifan da ya fitar da mutum biyar. Galibin ƴan wasa ɗaya suka iya. Wanda ya iya duka biyun shi ne ɗan komai-da-ruwanka, kamar a ce ɗan tamola guda shi ke cin ƙwallo shi ke tsaron gida. Manyan wasannin ƙasa da ƙasa kuma su ake kira Tes.

An haifi Learie Nicholas Constantine ranar 21 ga watan Satumba na 1901 a ƙauyen Petit Valley, kusa da Diego Martin a tsibirin Tirinidad, wanda lokacin yake hannun Ingila. Mahaifinsa Lebrun jikan bayi ne da ya kai matsayin mai kula da ma'aikata a gonar koko. Mahaifiyarsa Anaise Pascall ƴar bayi ce, kuma labarin da dangi suka gada ya nuna mahaifinta, mai suna Ali, Bayerabe ne da aka kwaso daga Afirka ta Yamma, ya tsere ya faɗa Tirinidad tun yana yaro. Gidan gidan kurket ne. Lebrun ya je Ingila da tawagar West Indies, wato haɗakar tsibiran Karebiyan da ke ƙarƙashin Ingila, a 1900 da 1906, kuma a tafiyar farko ya ci maki 113 a filin Lord's, ya zama ɗan yankin na farko da ya kai ɗari a Ingila. Kawun yaron, Victor Pascall, shi ma sanannen mai jifa ne. Tsakanin uba da kawu suka horar da shi, kuma abin da suka fi matsa masa a kai shi ne tare ƙwallo da cafewa, aikin da sauran yara ke gudu.

Ya bar makaranta a 1917 ya kama aikin akawu a ofishin wani lauya a Port of Spain, da burin shi ma ya zama lauya. A Tirinidad ta wancan zamani wannan buri ne mai nisa ga baƙar fata ɗan talakawa. Hatta kulob-kulob na kurket launin fata ne ya raba su: na Turawa daban, na masu hasken fata daban, baƙaƙe masu ɗan ilimi kuma suna Shannon, inda shi da mahaifinsa suka yi wasa. Ya fara buga wa Tirinidad a 1921, ya je Ingila a 1923, ya dawo ya ci gaba da ƙananan ayyukan da ba su taka kara sun karya ba, har ya samu na akawu a wani kamfanin man fetur. Ya auri Norma Cox a 1927, suka haifi ƴarsu Gloria a 1928, daf da tashin tawagar zuwa Ingila. Ya shiga jirgin ruwa da niyya guda: ya yi wasan da zai sa wani kulob na Ingila ya ɗauke shi aiki da albashi.

Kwana uku a Lord's

Tawagar 1928 ba ta fara da ƙafar dama ba, ƴan kallo ba sa zuwa, kuɗin tafiya na neman yankewa. Sai wasa da ƙungiyar yankin Middlesex ya zo a Lord's, filin da masu kurket ke ɗauka a matsayin cibiyarsu. Constantine na fama da ciwon tsoka, amma ya shiga.

Middlesex ta fara bugu ta tara maki 352, mutum shida kawai aka fitar mata, ta ce ya ishe ta. West Indies ta karɓa, kafin a ankara an fitar mata da biyar tana da maki 79. Nan Constantine ya shigo. Cikin minti 18 ya kai 50, bai cika awa guda ba ya ci 86, ƙungiyarsa ta ƙare da 230. Da Middlesex ta dawo juyi na biyu sai ya ajiye katako ya ɗauki ƙwallo. Ya fitar da mutum bakwai a kan maki 57, shida daga cikinsu a wani ɗan tsakani da maki 11 kacal aka ci a hannunsa. Middlesex ta watse da 136.

Saura West Indies ta ci 259 ta yi nasara. An sake fitar mata da biyar tana da 121, wasan ya fara suɓucewa, ya sake shigowa. Awa guda ya yi ya ci 103, ya tura ƙwallo iyakar fili sau 12, ya tsallakar da ita ta sama sau biyu. Wani bugu da ya yi ya ji wa mai jifan Middlesex Jack Hearne rauni a yatsa, bai ƙara wasa ba a wannan kaka. West Indies ta ci wasan da sauran mutanenta uku, kuma dattawan Lord's, waɗanda ba a sani da zumuɗi ba, suka miƙe tsaye suna tafa masa.

A nan ne gardamar kwatance ke da daɗi. Sobers ya ci 174 ya fitar da mutum takwas a kan Ingila a filin Headingley a 1966. Botham ya ci 114 ya fitar da 13 a kan Indiya a Bombay a 1980. Waɗannan wasannin Tes ne, na Constantine kuwa da ƙungiyar yanki ne, kuma adalci ne a ce ƙasa ta fi yanki nauyi. Amma Sobers da Botham sun shiga fili ne da suna da abinci a hannu. Shi ya shiga da ciwo, da jaririya a gida, da aikin akawu mara makoma yana jiransa, ya juya wasa sau uku a jere daga halin da kowa ya fid da rai. A tarihin wasan da wuya a samu mutum guda da ya ɗauki ƙungiya a ka daga farko har ƙarshe kamar haka.

Makonni kaɗan bayan nan West Indies ta buga wasan Tes na farko a tarihinta, a wannan fili, kuma shi ne ya fitar mata da mutum na farko, Charlie Hallows. Sai dai Ingila ta lallasa su a duka wasanni ukun, shi ma bai taɓuka abin kirki ba: maki 89 da mutum biyar. A ɗaukacin ziyarar kuwa ya ci maki 1,381, ya fitar da 107, ya cafe 33. Wannan saɓani ya bi shi har ƙarshen wasansa. Mutum ne da ba ya iya bugu a hankali, ko ya hargitsa fili cikin rabin awa ko a fitar da shi nan take.

Abin da ya je nema dai ya samu. Kulob ɗin Nelson, wani garin masaƙa a yankin Lancashire, ya ɗauke shi daga 1929 a kan fam 500 kowace kaka ban da alawus, a zamanin da doka ta kayyade wa ɗan tamola mafi shahara a Ingila fam takwas a mako. Daga baya albashin ya kai fam 750, ya shiga sahun ƴan wasan da suka fi kowa samu a ƙasar. Gasar Lancashire ta yini guda ce, yawanci ranar Asabar bayan an tashi daga masaƙa, kowane kulob da ƙwararre ɗaya, sauran ma'aikata ne masu sha'awa. Irin wasansa ne sak. Cikin kaka tara da ya yi, Nelson ta ɗauki kofin sau bakwai, sauran biyun ta zo ta biyu. A 1934 ya fitar da dukkan mutum goma na Accrington a kan maki goma. A 1937 ya ci 192 ba a fitar da shi ba. Duk filin da ya je sai ya cika, har kulob-kulob ɗin da yake lallasawa suna cin moriyar kuɗin ƙofa a shekarun da masaƙu ke rufewa.

Ko maki ɗaya daga wannan ba a lissafa shi a kundin manyan wasanni, domin gasar ba ta cikin ajin da ake ƙirgawa. Shekarun ƙarfinsa, daga 27 zuwa 35, ya sayar da su ga Nelson, kuma Nelson ke da ikon sakinsa ko hana shi. A ziyarar West Indies ta 1933 Tes guda aka bar shi ya buga cikin uku. Wanda ya ɗora alƙalumansa kusa da na Kallis, mai Tes 166, ya yanke hukunci, ya auna mutumin ne da mudun da ba nasa ba. Kuma akwai sashen da alƙaluma ba sa kamawa sam, wato tare ƙwallo. Don Bradman na Ostireliya, wanda ya kara da shi a 1930 zuwa 1931, ya ɗauke shi a matsayin wanda ya fi kowa iya wannan aiki cikin duk waɗanda ya gani.

Zaman Nelson bai zo da sauƙi ba da farko. Da yawan mutanen garin ba su taɓa zama da baƙar fata ba. Yara suna leƙen tagar gidan, wasiƙun zagi suna zuwa, har ya yi tunanin tattara kayansa. Norma ce ta dage a zauna. Sun shafe kusan shekara 20 a gida mai lamba 3 a titin Meredith, garin ya mayar da su nasa. A gidan ne marubuci C.L.R. James ya sauka a 1932, ya taimaka masa rubuta littafinsa na farko, shi kuma Constantine ya tallafa wa James wajen buga rubutunsa na neman ƴancin mulkin kai ga West Indies.

A ranakun da ya samu buga wa yankinsa, sau da yawa yana wurin da tarihi ya faru. A Georgetown cikin 1930, ranar da West Indies ta fara cin wasan Tes, mutum tara ya fitar. A Manchester cikin 1933 shi da Manny Martindale sun mayar wa Ingila da salon jifan da ke nufar jikin mai bugu, wanda kyaftin Douglas Jardine ya gasa wa Ostireliya watanni kaɗan kafin nan. Wally Hammond ya fita da tsagaggen haɓa, Jardine kuwa ya daure ya ci 127. A Port of Spain cikin 1935 ya ci 90, mafi yawansa a Tes, sannan ya fitar da mutum na ƙarshe saura jifa guda lokaci ya cika. A wasan ƙarshe na wannan jeri, a Kingston, kyaftin Jackie Grant ya ji rauni ya miƙa masa ragama, shi ya ja ƙungiyar har ta kammala doke Ingila a jeri karon farko. Amma ba a taɓa naɗa shi kyaftin ba. Hukumar West Indies ta keɓe wannan kujera ga Turawa, ko da sun gaza waɗanda suke shugabanta ƙwarewa. Sai a 1960 aka miƙa wa Frank Worrell ita dindindin, bayan gangamin da James ya jagoranta a jarida.

Tes ɗinsa na ƙarshe ya zo a filin Oval cikin Agustan 1939, yana dab da shekara 38. Gudun jifansa ya ragu, ya koma dabara. Ya fitar da biyar a kan maki 75, ya ci 79. Kwanaki kaɗan bayan haka yaƙin duniya na biyu ya ɓarke.

Fam biyar da sule biyar

Lokacin yaƙin gwamnati ta ɗauke shi jami'in kula da walwalar ma'aikatan Karebiyan da aka kawo masana'antun Liverpool. Aikin shi ne nema musu masauki, sasanta su da ƙungiyoyin ƙwadagon da ba sa son su, da bin kadin albashinsu. A ƙarshen Yulin 1943 ya zo Landan da iyalinsa don wasan tara kuɗin agaji a Lord's. Ya kama ɗaki na kwana huɗu a otal ɗin Imperial da ke dandalin Russell, kuma tun kafin ya zo ya tambaya aka tabbatar masa launinsa ba matsala ba ne. Da suka iso aka ce dare ɗaya kawai za su yi, wai sojojin Amurka da ke otal ɗin ba za su so ganinsu ba, aka kuma haɗa da kalmar cin mutunci. Suka koma otal ɗin Bedford, na kamfanin guda.

A lokacin babu dokar da ta haramta wariyar launin fata a Birtaniya. Lauyoyinsa suka bi ta wata tsohuwar ƙa'ida da ta wajabta wa mai masauki karɓar duk matafiyin da ya zo matuƙar akwai wuri. A watan Yunin 1944 mai shari'a Norman Birkett ya ba shi gaskiya, ya yanke diyyar gini biyar, wato fam biyar da sule biyar. Kuɗin ba su kai a ambata ba, amma ɗaliban shari'a na karanta ƙarar har yau, kuma ana lissafa ta cikin matakan da suka kai ga dokar hana wariya ta 1965.

A Agustan 1945 aka shirya wasan murnar ƙarshen yaƙi a Lord's tsakanin Ingila da haɗakar ƙasashen daular. Kyaftin ɗin da aka tsara ya kwanta rashin lafiya, ƴan wasan, kusan dukkansu Turawan Ostireliya da Afirka ta Kudu da New Zealand, suka amince Constantine ya ja su. Abin da hukumar yankinsa ta hana shi, baƙi suka ba shi. Ya ci 40 yana gefen wani matashin matuƙin jirgin yaƙi, Keith Miller, wanda ya ci 185 ya kuma zama babban ɗan komai-da-ruwanka na Ostireliya. Suka yi nasara da maki 45. Wasansa na ƙarshe ke nan a babban aji.

Bai manta da burin ofishin lauya ba. Ya yi shekaru yana fama da jarrabawa, sai a 1954, yana da shekara 53, aka rantsar da shi lauya a Landan. A shekarar ya fitar da littafinsa kan wariyar launin fata, Colour Bar, ya koma Tirinidad. Ya zama shugaban jam'iyyar PNM ta Eric Williams a 1956, ya ci kujerar Tunapuna, aka ba shi ministan ayyuka da sadarwa. Siyasar jam'iyya ba ta karɓe shi ba, zagin majalisa yana yi masa zafi. Aka mayar da shi Landan a matsayin jakada, Sarauniya ta ba shi muƙamin Sir a 1962.

Jakadancin bai daɗe ba. A 1963 kamfanin bas na Bristol ya ƙi ɗaukar baƙaƙe da ƴan Asiya aikin direba da kwandasta, mutanen gari suka ƙaurace wa motocin. Constantine ya je Bristol ya yi magana a fili. Kamfanin ya sauko a watan Agusta, amma gwamnatinsa ta ga jakada ya tsoma baki a harkar cikin gidan wata ƙasa, dangantakarsa da Williams ta yi tsami, ya bar kujerar a farkon 1964. Bayan juyin mulkin Najeriya na Janairun 1966 ya shiga wani yunƙuri na neman a sako Firaminista Abubakar Tafawa Balewa, yunƙurin da bai yi nasara ba. Ya zauna a hukumar kula da dangantakar jinsuna ta Birtaniya da hukumar gudanarwar BBC. Matasan baƙaƙe na ƙarshen shekarun 1960, masu zafin gwagwarmaya, suna ganin ya yi sanyi da yawa, ya zama ɗan gidan Turawa.

A 1969 aka naɗa shi ɗan majalisar dattawa. Da aka zo laƙabin sarauta sai ya haɗa wurare biyu, Maraval ta Tirinidad inda ya tashi, da Nelson. Lafiya ta riga ta guje masa, sau ɗaya kawai ya samu yin jawabi a zauren, a 1971, kan abin da shigar Birtaniya kasuwar Turai za ta jawo wa ƙasashen Karebiyan. Yana shirin komawa gida saboda sanyin Ingila na cutar da ƙirjinsa ya rasu a Landan ranar 1 ga watan Yulin 1971, yana da shekara 69. An kai gawarsa Tirinidad aka yi masa jana'izar ƙasa, aka binne shi a Arouca. Norma ta bi shi bayan wata biyu.